Ta yaya za mu karrama matasan da ke yi wa gari hidima ba tare da mun ɓata musu niyya ba?

Sakataren matasa, ƙasar Auyo

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamai da iyaye da 'yan'uwa baki ɗaya. Ni ne sakataren ƙungiyar matasan ƙauyenmu da ke ƙaramar hukumar Auyo a Jihar Jigawa, kuma shawara nake nema a kan wani al'amari da ya raba kan kwamitinmu gida biyu.

Wanda ya san ƙasarmu ya san cewa a bakin Kogin Haɗeja muke zaune, kuma idan damina ta yi tsakiya, ruwan da ke gangarowa daga madatsun ruwa na Tiga da Challawa ya haɗu da na sama, babu abin da ke tsakanin gidajenmu da ambaliya sai ikon Allah, sai kuma jinga. A ambaliyar 2022 samarin garinmu sun kwana a kan jingar nan suna cika buhuna da ƙasa, wasu a cikin ruwa har iya ƙirji, ana haska musu da fitilar waya, kuma da rani ya yi su ne suka shiga kwalekwale suna yanke kacalla da lauje domin ruwa ya sami hanyar wucewa. Ban da su, akwai yaron da diga da shebur na haƙar kabari suke ajiye a ɗakinsa, ko tsakar dare aka yi rasuwa shi ake fara buga wa ƙofa. Akwai ɗan acaɓan da ba ya karɓar ko sisi idan mara lafiya zai kai asibiti da dare, akwai ɗaliban da ke koyar da ƙannenmu kyauta idan sun zo hutu, akwai kuma waɗanda suka kammala haddar Alƙur'ani a bana.

Sai muka yi shawarar cewa kashegarin Babbar Sallah, lokacin da 'yan garinmu da ke Kano da Abuja da kudu suke gida, mu shirya taro a ƙofar gidan Bulama, wato mai garinmu, mu karrama wasu daga cikin waɗannan matasa a gaban iyayensu. Nan ne aka sami saɓani. Wani ɗan'uwa mai ilimi a cikinmu ya ce wannan buɗe ƙofar riya ce, wanda ya yi don Allah ya jira sakamakonsa a wurin Allah, kuma ya kawo hadisin da ya ce a watsa ƙasa a fuskar masu yawan yabo. Wasu kuma suka ce idan ba a nuna wa yara cewa ana ganin alherin da suke yi ba, to masu rabon kuɗi a lokacin siyasa su ne kaɗai za su zama abin koyi a wurinsu.

Akwai kuma wani mai hali ɗan garinmu da ya ce zai ɗauki nauyin rumfa da kujeru da lasifika, amma ta bayan fage ya aiko cewa a sa sunan ƙaninsa a cikin waɗanda za a karrama, alhali ƙanin nan bai taɓa ɗaukar buhu ɗaya a kan jinga ba. Don Allah malamai ku fayyace mana hukuncin abin, iyaye kuma da suka ga jiya suka ga yau ku gaya mana yadda za a yi zaɓen da abin da ya kamata a bayar.

Malamin Islamiyya, ƙasar Ringim

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri, ya kiyaye garinku da namu daga ambaliya, domin mu ma a Ringim mun san abin da kake faɗa.

Hadisin da ɗan'uwanku ya kawo ingantacce ne, Imam Muslim ya ruwaito shi daga Miƙdadu, Allah ya yarda da shi, kuma tsoron da yake ji tsoro ne na mai kishin addini, kada ku raina shi. Sai dai malamai sun fassara shi a kan waɗanda suka mayar da yabo sana'a, suna kambama mutum da abin da ba shi da shi domin neman abin hannunsa, ko kuma yabon da ake tsoron zai sa wanda aka yaba ya ruɗu da kansa. Ba za a ɗauki hadisi ɗaya a bar sauran ba. A cikin ruwayar Muslim ɗin dai, Abu Zarri ya ce an tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, game da mutumin da ya aikata alheri mutane suka yabe shi a kai, sai ya ce wannan bushara ce ta gaggawa ga mumini. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa wanda ba ya gode wa mutane ba ya gode wa Allah. Ayar nan ta Suratul Insan, inda bayin Allah na ƙwarai suke cewa ba sa neman sakayya ko godiya daga waɗanda suka ciyar, tana koya wa mai aikin abin da zai ƙudurta a zuciyarsa. Ba ta sauke wa waɗanda aka yi wa alheri nauyin godiya ba. Kowane ɓangare da nasa wajibin.

Misalin da ya fi kusa da abin da kuke son yi shi ne na Salamatu ɗan Akwa'u, wanda saurayi ne a lokacin. Da mahara suka kore raƙuman Annabi, shi kaɗai ya bi su a ƙasa yana harbinsu da kibiya har ya ƙwato abin da suka ɗauka. Da aka taru, Annabi ya faɗa a gaban jama'a cewa mafi alherin mahayanmu a yau shi ne Abu Ƙatada, mafi alherin dakarunmu na ƙasa kuma Salamatu, sannan ya ba shi rabo biyu, na mahayi da na mai tafiya a ƙasa, ya kuma goya shi a bayan taguwarsa zuwa Madina. Yabo ne a bainar jama'a, da kyauta a hannu, amma an ɗaure shi da aikin da kowa ya gani a ranar, ba a ce Salamatu ya fi kowa a wurin Allah ba.

Iyakar da shari'a ta sa tana cikin hadisin Abu Bakrata da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wani ya yabi wani a gaban Annabi har ya wuce gona da iri, sai Annabi ya ce masa, kaiconka, ka yanke wuyan abokinka, sannan ya koyar da cewa idan lalle sai an yaba, a ce ina zaton wane kaza ne, Allah ne mai yi masa hisabi, ba na tsarkake kowa a wurin Allah. Saboda haka ku ja kunnen mai gabatarwa tun kafin ranar. Ya faɗi aikin: wane shi ne ya riƙe kayan haƙar kabari, wane shi ne ya koyar da yara a hutu. Kada ya shiga kirarin cewa wane waliyyi ne ko ba a taɓa yin irinsa ba. A rufe da addu'ar Allah ya karɓa ya ba su ikhlasi, domin wannan addu'ar ita kanta tunatarwa ce gare su.

Game da mai halin nan, amsar a fili take. Sanya sunan wanda bai yi aiki ba a cikin waɗanda suka yi shaidar zur ce, ko da an yi ta da lasifika da tafi. Ku je ku same shi cikin ladabi ku gode masa, ku ce idan taimakon don Allah ne kuna maraba, idan kuma da sharaɗi ne, tabarma a ƙarƙashin darbejiya ta ishe ku.

Tsohon hedimasta, ƙasar Ɗambatta

Malam ya gama da ɓangaren hukunci, Allah ya ƙara masa ilimi. Ni zan yi magana ne a matsayin wanda ya daɗe yana raba kyauta ga yara a ƙarshen zangon karatu, ya kuma ga yadda kyauta take gyara yaro da yadda take lalata shi.

Ɗana Sakatare, abin da kuke son yi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Da muna yara, idan aka yi gayya, makaɗa suna biye da manoma a gona, wanda ya riga kowa fitar da kunyarsa a yi masa kirari a nan take, kuma kowa ya ga da idonsa cewa shi ya riga. Sarkin Noma ba a naɗa shi don ya iya magana, sai an ga dammunan da ya tara. Samari suna da Sarkin Samarinsu wanda ke tara su idan za a gyara hanya ko a yi wa masallaci yaɓe kafin damina. A tsangaya kuwa, yaro ya sauke a yi masa allon zayyana, ya karanta a gaban malamai da iyaye, a yi walima, kuma ba a kiran mutum alaramma ko gwani sai masana abin sun gamsu da shi. Bahaushe ya ce yabon gwani ya zama dole, amma gwanin ne ake nufi, wanda aka jarraba aka gani.

Abin da ya lalata lambar yabo a zamanin nan shi ne ta koma haja. Wasu samari su kafa ƙungiya, su buga allon gilashi da sunan wani mai muƙami, su kai masa ofis, a ɗauki hoto, ya ba su na mota. Yaran ƙauye suna ganin wannan a waya, kuma sun san abin da ake ciki. Idan kuka bari taronku ya yi kama da wancan ko da sau ɗaya, yaron nan mai haƙar kabari zai ji kunyar a kira sunansa a wurin.

Ku dubi musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shiryawa tun 1986. Ana tacewa daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, kowane ɗan takara ya san rukuninsa, daga izu biyu har zuwa izu sittin da tafsiri, ya san cewa hadda da tajwidi za a duba, alƙalai suna zaune kowa yana ganinsu, a ƙarshe a naɗa gwarzo da gwarzuwa. Darajar abin ta zo ne daga sanin ma'auni tun kafin a fara. Hidimar gari ba a auna ta da maki kamar hadda, amma ana iya faɗin sharuɗɗa a fili. Ku sanar a masallacin Juma'a cewa aikin da za a duba shi ne wanda aka yi ba da lada ba, wanda ya amfani wanda ba danginka ba, wanda kuma aka ɗore a kansa, ba na rana ɗaya da aka yi don hoto ba. Kada kowa ya kawo sunan kansa. Annabi ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, kuma wanda ke roƙon a karrama shi ya riga ya nuna abin da yake nema. Sunaye su fito daga liman da masu unguwanni da shugaban makaranta da malamar Islamiyya, masu tacewa kuma kada su kasance 'yan kwamitinku, kuma duk wanda ɗansa ko ƙaninsa yake cikin jerin ya tashi daga zaman. 'Yan siyasa su zo su zauna kamar kowa idan suna so, amma kada a ba su lasifika, kuma kada a yi taron a shekarar zaɓe da kuɗin ɗan takara.

Kyautar kuwa, ku bar allon gilashi. Ɗalibi a biya masa kuɗin jarrabawar NECO ko JAMB, manomi a ba shi buhun taki, mahaddaci a saya masa littattafan da zai ci gaba da su, a haɗa wa kowa da takardar shaida mai sa hannun mai gari da hakimi, wadda za ta yi masa amfani ranar da zai nemi aiki ko makaranta. Abin da ya fi duk wannan, a wurina, shi ne a ba su kujera. Kowace firamare tana da kwamitin kula da ita, kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido a kan asibitinta, kuma sau da yawa mu tsofaffi ne muka cika su. Annabi ya ba Usamatu ɗan Zaidu jagorancin runduna bai kai shekara ashirin ba, alhali manyan sahabbai suna cikinta, Sayyidina Abubakar kuma ya ɗora wa Zaidu ɗan Sabitu aikin tattara Alƙur'ani yana saurayi. Yaron da ya riƙe amanar shebur zai iya riƙe amanar littafin kuɗin masallaci.

Malama mai makarantar matan aure, ƙasar Sumaila

Ina gaida Malam da Baba, Allah ya ƙara girma. Na karanta tambayar tun daga farko har ƙarshe ina jiran in ga an ambaci yarinya ko da ɗaya, ban gani ba. Malam Sakatare, ba laifi nake ba ka ba, domin aikin mata a cikin gida yake, idon ƙungiyar samari ba ya kaiwa can. Amma a daren da samarinku suke kan jinga, wani ne ya dafa abin da suka ci, wani ne ya kwashe yara da tsofaffi zuwa tudu, kuma na tabbata ba maza ba ne.

A nan Sumaila aka sami yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar shan inna ta kama a Jihar Kano, a watan Yuli na 2014, kuma a watan Agusta na 2020 aka ayyana cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Waɗanda suka shiga gida gida, suka zauna a kan tabarma da uwar da ta ɓoye ɗanta a ɗaki, suka yi ta lallashinta har ta fito da shi aka ɗiga masa, yawancinsu mata ne matasa, domin namiji ba ya shiga inda suke shiga. Har yau irinsu ne ke raka mai ciki awo, su kwana da mai jinya a asibiti, su koya wa matan aure Fatiha da tahiya bayan sallar isha'i. A makarantarmu akwai yarinyar da takan zauna da tsohuwa ta kama yatsanta tana bi da shi a kan baƙaƙe, baƙi ɗaya sai su maimaita shi har dare ya yi, ba ta taɓa ɗaga murya ba.

Muna da abin koyi a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru na ilmantar da matan karkara, kuma idan ta zaɓi mace ta zama jaji takan naɗa ta, ta ba ta malfa a matsayin alamar shugabanci, yadda duk garin da ta shiga za a san cewa da izini ta zo. Kafin ita kuma, Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ke sharar masallacin Annabi. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an ƙanƙantar da lamarinta, da ya neme ta bai gan ta ba ya ce don me ba ku gaya mini ba, ya sa aka nuna masa kabarinta ya je ya yi mata salla.

Ba ina cewa a fito da 'yan mata tsakiyar fili a gaban maza ba. A yi nasu zaman a Islamiyya, iyaye mata su taru, matar mai gari ko wata dattijuwa ta miƙa kyautar, a nemi yardar uba ko miji tun da wuri, kuma kada a sa hoton kowa a Facebook sai da izininta. A wurin taron maza kuma a ambaci aikin, a kira mahaifinta a yi masa godiya. Uban da aka gode wa a gaban jama'a saboda karatun 'yarsa ba zai yi saurin cire ƙanwarta daga makaranta ba.

Ɗan agaji, ƙasar Miga

Allah ya gafarta Malam, Baba da Malama ina gaisuwa. Ina neman afuwa, ni ina da ɗan tsoro a kan fitar da mutum ɗaya daga cikin aikin da jama'a suka yi tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jingar da ta tsare gari ba mutum uku suka ɗaure ta ba. A wani gari kusa da mu an karrama shugaban matasa shi kaɗai bayan aikin yashe magudanar ruwa, da aka sake kiran gayya sai wasu suka ce a kira mai lambar yabo ya yi. Ba su kyauta ba, amma haka zuciyar ɗan Adam take, kuma wanda zai shirya taro dole ya yi lissafi da ita.

A ganina a raba abin biyu. Aikin da mutum ya keɓanta da shi, kamar hadda ko haƙar kabari ko kai marasa lafiya asibiti, a kira sunan mai shi. Aikin gayya kuwa a karrama unguwa ko rukunin da ya yi shi gaba ɗaya, kuma kyautar ta zama kayan aiki na kowa: baro, shebur, takalman ruwa, buhunan da za a ajiye kafin watan Agusta, da akwatin magani na taimakon gaggawa. Mu da muke sa kakin agaji muna tsare sahu a Idi da wurin tafsiri, abin da ya fi yi mana daɗi shi ne dattijo ya tsaya ya ce Allah ya yi muku albarka, kuma abin da ya fi yi mana ciwo shi ne a kira mu zauna-gari-banza kashegarin ranar da muka wuni a rana muna hidima.

Sakataren matasa, ƙasar Auyo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa kwamiti amsoshinku a zamanmu na bayan sallar isha'i. Ɗan'uwanmu da ya kawo maganar riya ya gamsu da bayanin Malam, kuma shi muka ɗora wa rubuta abin da mai gabatarwa zai faɗa, domin ya tace duk kalmar da ta wuce iyaka. Mun karɓi rabon da ɗan'uwa na Miga ya kawo: masu jinga da kacalla za a karrama su unguwa unguwa da kayan aiki, sauran kuma da sunayensu.

Malama, maganarki ta shiga. Mun aika wa malamar Islamiyyarmu ta zauna da iyaye mata su kawo sunaye, su kuma tsara nasu zaman yadda suka ga ya dace. Mai halin nan mun tura masa liman da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ya janye sharaɗinsa, ya ce kuɗin rumfa a sayi buhuna da su. Baba, maganar kujera a kwamitin makaranta da na asibiti ta fi ƙarfin ƙungiyarmu, don haka ranar Juma'a bayan an sauko za mu kai ta gaban Bulama tare da sharuɗɗan zaɓen, idan ya amince sai liman ya sanar da su a Juma'a mai zuwa.